Louis Bautain

Louis Eugène Marie Bautain (an haife shi ranar 17 ga Fabrairu 1796, ya rasu ranar 15 ga Oktoba 1867) masanin falsafa ne ɗan ƙasar Faransa, fada a cocin Katolika, kuma malamin makaranta. An fi saninsa da abu biyu. Na farko shi ne muhawarar da ya tayar a kan matsayin hankali da imani wajen sanin Allah, wadda ta kai shi gaban hukumomin coci a Roma. Na biyu shi ne ƙungiyar sistocin St. Louis da ya kafa a shekarar 1842 domin tarbiyyar yara. Wannan ƙungiya ce ta iso Kano a 1948, kuma ita ta buɗe makarantar sakandaren 'yan mata ta St. Louis da ke Bompai. A Faransanci ana furta sunansa kusa da "Botan", ba a bin haruffan ɗaya bayan ɗaya.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Bautain a birnin Faris, shekaru bakwai bayan barkewar juyin juya halin Faransa na 1789. A wancan lokaci an rufe majami'u da yawa, an kori limaman coci, an kuma ƙwace makarantun da ƙungiyoyin addini suke gudanarwa. Saboda haka ya taso a zamanin da samari masu ilimi da dama suke ganin addini abu ne da ya wuce.

Ya yi karatu a École Normale, babbar makarantar horar da malamai ta Faris. A can ya zama ɗalibin Victor Cousin, wanda ya shahara wajen koyar da falsafa, kuma ya yi zamani da Théodore Jouffroy. A 1816, yana da shekara 20, aka tura shi koyar da falsafa a kwalejin gwamnati ta Strasbourg, birnin da ke yankin Alsace a kan iyakar Faransa da Jamus. Ba da jimawa ba ya fara koyarwa a jami'ar birnin. Kusancin Strasbourg da Jamus ya sa ya zurfafa a rubuce-rubucen masana falsafar Jamus, musamman Immanuel Kant, wanda ya yi jayayya da hujjojin da aka saba kafawa da su a kan samuwar Allah. Laccocinsa sun riƙa cika da ɗalibai saboda iya maganarsa. A wannan lokaci ya riga ya daina bin addini.

Komawa ga addini

Yana cikin ganiyar tashe sai rashin lafiya ta kwantar da shi, har ya kasa ci gaba da koyarwa na ɗan lokaci. A wajajen 1820 ya haɗu da Louise Humann, wadda ta girme shi da shekara 30. Humann 'yar wani sanannen gida ce a Strasbourg. Ɗan'uwanta Georges Humann ya riƙe muƙamin ministan kuɗi na Faransa daga baya. Ita kanta mace ce mai zurfin karatu, ta san falsafar Jamus, kuma ta shafe shekaru tana shugabantar makarantar 'yan mata a birnin Mainz.

Tarihin Humann yana da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. A ranar 23 ga Yuni 1797, a wani wuri da ake kira Turquestein, ita da wata mata mai suna Thérèse Brek da wani fada, Louis Colmar, suka ɗauki alkawarin haɗa kai domin ilimantar da yara da kula da marasa lafiya. Colmar ya yi aikin coci a ɓoye a shekarun tsanani, daga baya ya zama bishop na Mainz a 1802, ya rasu a 1818. Bayan rasuwarsa ne Humann ta koma Strasbourg.

Tattaunawar da Bautain ya yi da ita ce ta mayar da shi ga bangaskiyar Kirista. Ya ɗauke ta tamkar uwa, ya zauna a ƙarƙashin jagorancinta har ta rasu a 1836. Abin da ya faru da shi ya zama tushen ra'ayinsa na falsafa: ya ga cewa karatun hujjoji bai kai shi ga imani ba, zama da mai imani da karanta Littafi Mai Tsarki ne suka kai shi.

A 1822 gwamnati ta dakatar da laccocinsa a jami'a, a wani yanayi da aka rufe bakin malaman falsafa da tarihi da dama, har aka rufe École Normale kanta. Ya ci gaba da koyar da 'yan ɗalibai kaɗan a gida. Ya kuma karanta ilimin likitanci, ya samu digirin dakta a 1826. A 1828 aka naɗa shi fada.

Gidan titin Toussaint da almajiransa

Ɗaliban da suka taru a wurinsa sun zauna kamar iyali ɗaya a gidan Humann da ke titin Toussaint a Strasbourg. Cikinsu akwai Adolphe Carl, wanda ɗan'uwan Humann ne na jini, da Alphonse Gratry, da Henri de Bonnechose, wanda daga baya ya zama babban bishop na Rouen kuma kadinal. Akwai kuma samari uku Yahudawa da suka karɓi addinin Kirista: Théodore Ratisbonne, Isidore Goschler da Jules Lewel.

Sauya addinin waɗannan samari ya jawo ɓacin rai a gidajensu. Ratisbonne ɗan wani babban gidan masu banki ne, kuma mahaifinsa yana cikin shugabannin al'ummar Yahudawa na Strasbourg. An yi masa baftisma a ɓoye a 1827, ba da sanin iyayensa ba, aka naɗa shi fada a 1830. Daga baya ya kafa ƙungiyar sistocin Notre-Dame de Sion. Wannan lamari yana daga cikin misalan da ke nuna matsalar da ke tattare da makarantun addini a ko'ina, wato iyakar ikon malami a kan zuciyar ɗalibi da kuma haƙƙin iyayen da suka haife shi.

Makarantar St. Louis ta Strasbourg

A 1830 bishop na Strasbourg, Le Pappe de Trévern, ya damƙa wa Bautain da almajiransa ƙaramar makarantar horar da limaman coci ta birnin, wadda ke ɗauke da sunan St. Louis. Sunan na Sarki Louis na tara ne, wanda ya mulki Faransa daga 1226 zuwa 1270, kuma cocin Katolika ta sanya shi cikin waliyyanta a 1297. Daga wannan makaranta ne aka fara kiran ƙungiyar da limaman St. Louis.

Irin wannan makaranta sakandare ce ta yara maza. A ƙa'ida an buɗe ta ne domin masu son zama limaman coci, amma iyaye da yawa sukan kai 'ya'yansu ko da ba su da wannan niyya. Dalili shi ne tsarin da Napoleon ya kafa tsakanin 1806 da 1808, wanda ya sa duk karatun sakandare a ƙarƙashin hukuma ɗaya ta gwamnati. Iyayen da suke tsoron kada 'ya'yansu su bar addini a kwalejojin gwamnati ba su da wata mafita sai waɗannan makarantu na coci. Da gwamnati ta lura da haka, sai ta fitar da doka a 1828 da ta ƙayyade yawan ɗalibansu a duk ƙasar zuwa 20,000.

Bautain ya san kwalejin gwamnati daga ciki, domin a cikinta ya yi karatu ya kuma koyar. A ganinsa, yaro ba ya samun tarbiyya daga darasi kawai. Yana samunta ne daga mutanen da yake kwana yana tashi da su. Saboda haka malaman da ke tare da shi suka ci gaba da zaman iyali irin na titin Toussaint, suna addu'a tare, suna rayuwa kusa da ɗalibansu. Ya kuma soki yadda ake koyar da falsafa a makarantun coci na zamaninsa, inda ake haddace hujjoji cikin Latin ba tare da sun taɓa zuciyar ɗalibi ba. Ya wallafa wannan suka a 1833, abin da ya ɓata wa malaman coci da yawa rai.

Muhawarar hankali da imani

Ra'ayin Bautain a taƙaice shi ne, hankalin ɗan Adam shi kaɗai ba zai iya tabbatar da samuwar Allah ba. Dole ne imani da wahayi su riga shi, sannan hankali ya biyo baya yana fahimtar abin da aka yi imani da shi. Haka kuma ya ce mu'ujizoji ba sa gamsar da wanda bai riga ya ba da gaskiya ba. Masana tauhidin Kirista suna kiran wannan ra'ayi fidiyizim, daga kalmar Latin mai ma'anar imani.

Bishop de Trévern ya ga haɗari a cikin wannan koyarwa. Idan hankali ba zai iya kaiwa ga sanin Mahalicci ba, to babu wata hujja da mai imani zai iya gabatar wa wanda bai yarda da littafinsa ba. A 1834 ya fitar da gargaɗi a rubuce, ya karɓe makarantar daga hannun Bautain da almajiransa, ya kuma hana su wa'azi. Suka koma suka buɗe tasu makarantar a cikin birnin.

Rikicin ya ɗauki shekara shida. A ranar 18 ga Nuwamba 1835 Bautain ya sa hannu a kan wasu batutuwa shida da bishop ya gabatar masa, amma saɓanin bai ƙare ba. A 1838 ya tafi Roma da kansa a zamanin Fafaroma Gregory na 16, ya miƙa rubuce-rubucensa domin a duba. Roma ba ta haramta littattafansa ba, amma an nuna masa wuraren da ake son ya gyara. A daidai wannan zamani, a 1835, fadar Fafaroma ta yi tir da koyarwar wani malamin Jamus, Georg Hermes, wanda ya karkata zuwa ɗaya gefen, ya ba hankali matsayin da ya wuce kima. Wato coci tana neman tsayawa ne a tsakanin ɓangarorin biyu.

A ranar 8 ga Satumba 1840 Bautain ya sa hannu a kan batutuwan da aka sake tsarawa, a gaban mataimakin bishop, Andreas Räss. A ciki ya amince cewa hankali yana iya tabbatar da samuwar Allah, kuma amfani da hankali yana riga imani, yana kai mutum gare shi da taimakon wahayi da alherin Allah. A 1844 ya sake sa hannu a kan wani alkawari makamancin wannan da Roma ta nema, lokacin da yake neman a amince da ƙungiyarsa. Babban taron Vatican na farko ya tabbatar da wannan matsayi a 1870, shekara uku bayan rasuwarsa.

Masana tarihi sukan kwatanta shi da Félicité de Lamennais, wani sanannen fada na zamaninsa. Shi ma ya samu saɓani da Roma a farkon shekarun 1830, amma ya ƙare da barin coci gaba ɗaya. Bautain kuwa ya karɓi gyara ya zauna a ciki, kuma wannan ne ya ba shi damar ci gaba da aikin makarantu.

Irin wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantun zaure na Kano an daɗe ana karanta littafin tauhidi na Muhammad al-Sanusi, Ummul Barahin, wanda ya ginu a kan hujjojin hankali. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma ya yi rubutu yana sukar masu kafirta talakawa don kawai ba su iya kawo irin waɗannan hujjoji ba.

Kwalejin Juilly da kafa ƙungiyar St. Louis

Bayan sulhun 1840, Bautain da almajiransa suka bar Strasbourg suka karɓi ragamar kwalejin Juilly a 1841. Juilly ƙauye ne a gabashin Faris, kusa da garin Meaux. Limaman ƙungiyar Oratoire ne suka kafa kwalejin a 1638, kuma makarantar kwana ce ta yara maza da ta yi suna wajen koyar da tarihin Faransa da amfani da Faransanci a aji, a lokacin da Latin ta mamaye sauran makarantu. Montesquieu yana cikin tsofaffin ɗalibanta.

A Juilly ne, a 1842, ya kafa ƙungiyar St. Louis mai rassa biyu, na limamai maza da na mata. Ya ɗauke ta a matsayin cikar alkawarin Turquestein na 1797. Taken ƙungiyar, wanda aka ɗauko daga addu'ar Yesu a sura ta 17 ta Bisharar Yohanna, roƙo ne na haɗin kan mutane. Shugabar reshen mata ta farko ita ce Clémence de Vaux, wadda ta ɗauki sunan Uwa Thérèse de la Croix. Reshen maza bai daɗe ba ya watse, almajiran suka kama wasu ayyuka. Reshen mata ne ya ɗore, ya mayar da hankali ga karatun 'yan mata.

Wannan zaɓi yana da nauyi a zamaninsa. Gwamnatin Faransa ba ta kafa makarantun sakandare na 'yan mata ba sai da dokar Camille Sée ta 1880. Kafin nan, yawancin iyayen da suke son 'yarsu ta wuce karatun firamare sai dai su kai ta makarantar sistoci ko wata makaranta mai zaman kanta. A ɓangaren maza kuwa, gwagwarmayar da 'yan Katolika suka yi ta neman 'yancin iyaye su zaɓi makaranta ta kai ga dokar Falloux ta 1850, wadda ta ba ƙungiyoyin addini damar buɗe sakandare.

Shekarun Faris da rubuce-rubuce

A 1848 Bautain ya gabatar da jerin wa'azozi a babbar majami'ar Notre-Dame ta Faris a kan addini da 'yanci. A 1849 ya zama ɗaya daga cikin mataimakan babban bishop na Faris, Sibour. A 1853 aka ba shi kujerar koyar da tauhidin ɗabi'a a Sorbonne.

Ya rubuta littattafai da yawa a kan falsafa, ilimin halayyar ɗan Adam da ɗabi'a. A ƙarshen rayuwarsa ya karkata ga rubutun nasiha ga iyalai, ciki har da wasiƙu a kan rayuwar mace Kirista ta zamani, tun daga ƙuruciya zuwa aure da renon 'ya'ya, waɗanda suka fara fitowa a 1859. Littafinsa da ya fi yaɗuwa a wajen Faransa shi ne wanda ya wallafa a 1856 a kan fasahar magana a gaban jama'a. An fassara shi zuwa Ingilishi, aka sake buga shi sau da yawa a Ingila da Amurka. A ciki ya koyar cewa mai jawabi ya tsara tunaninsa sosai tun kafin ya tashi, amma kada ya haddace kalmomin, ya bar su su zo masa a gaban masu sauraro.

Rasuwa

Bautain ya rasu a Viroflay, kusa da Versailles, ranar 15 ga Oktoba 1867, yana da shekara 71. A wannan shekara ce kwalejin Juilly ta koma hannun limaman Oratoire, ƙungiyar da tsohon almajirinsa Gratry yana cikin waɗanda suka farfaɗo da ita a 1852.

Daga Juilly zuwa Kano

Tun yana raye ƙungiyarsa ta ƙetare teku. A 1859 sistoci uku ƙarƙashin jagorancin Genevieve Beale, wadda 'yar Ingila ce da ta karɓi ɗariƙar Katolika, suka isa garin Monaghan a ƙasar Ailan. A 1861 reshen Ailan ya rabu da na Faransa bisa buƙatar bishop ɗin yankin, ya ci gashin kansa, ya kuma bunƙasa fiye da uwar ƙungiyar ta hanyar makarantun 'yan mata. Rassan biyu sun sake haɗewa a 1952. Daga Ailan ne sistocin suka tafi Gana a 1947, Najeriya a 1948, da jihar Kaliforniya ta Amurka a 1949.

Kano ce masaukinsu na farko a Najeriya, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Ba a cikin ganuwa suka zauna ba. Tun bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, kuma birnin da ke cikin ganuwa ya ci gaba da zama ƙarƙashin sarki da alƙalai da makarantun allo da na zaure. Isowar jirgin ƙasa a 1911 ta kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, aka zaunar da su a Sabon Gari, a waje da birni. Da yawansu Kirista ne, kuma limaman ƙungiyar SMA, wadda aka kafa a birnin Lyon a 1856, su ne suke kula da 'yan Katolika a cikinsu. 'Ya'yan waɗannan iyalai ne suka fara buƙatar makarantun mishan.

Sistocin sun kafa makarantar sakandaren 'yan mata ta St. Louis a unguwar Bompai, a gabas da tsohon birni. Limaman SMA kuma suna da makarantar St. Thomas ta yara maza. Da tafiya ta yi nisa, St. Louis ta karɓi 'yan mata Kirista da Musulmi daga ƙabilu daban-daban, inda iyaye masu bambancin addini suke damƙa 'ya'yansu ga makaranta ɗaya. Tambayar da ta taso a Strasbourg a zamanin Ratisbonne, ta yadda makarantar addini za ta tarbiyyantar da ɗan wani ba tare da ta raba shi da gidansu ba, ita ce irin wadda makarantun mishan na Arewa suka ci gaba da fuskanta.

Daga Kano ƙungiyar ta yaɗu zuwa wasu garuruwa, ciki har da Jos, Zonkwa, Ondo, Akure da Ibadan, tana gudanar da makarantu da asibitoci. A Gana ta buɗe makarantar sakandaren St. Louis ta Kumasi a 1952. A yau 'yan Najeriya ne suke tafiyar da ayyukan ƙungiyar a ƙasar. Kano kuma ta zama cikakkiyar dayosis ta Katolika a 1999, da babbar majami'arta ta Our Lady of Fatima a waje da ganuwa.